Me Ya Sa Wata Ba Ya Kai Mu Ƙarshe? Fashin Baƙi Kan Kashe Kuɗi Da Tsara Buri

Tambayi mutum nawa yake samu a wata, in dai ya yarda ya faɗa maka, ba zai yi dogon tunani ba. Tambaye shi nawa ya kashe a makon jiya, kuma a kan me, sai ka ga ya ɗaga kai sama yana ƙirga da yatsu. Zai kawo manya uku ko huɗu, sauran kuma ya ce sun tafi a hidima. Wannan hali bai tsaya kan masu ƙaramin ƙarfi ba. Akwai mai albashi mai tsoka da wata ba ya kai shi ƙarshe sai da rance. Akwai ɗan kasuwar da ciniki ke shigo masa kullum, amma shekara ta zagayo ba shi da abin nunawa. In ka matsa musu, amsar kusan ɗaya ce: kuɗin yanzu ba su da albarka, rayuwa ta yi tsada. Tsadar gaskiya ce, kuma zan dawo kanta. Sai dai akwai ɓangaren matsalar da ke hannun mai kuɗin, shi nake so mu warware dalla-dalla.

Abin da na tsaya a kai shi ne, yawancinmu muna yanke shawarar kashe kuɗi a lokacin da ya fi kowane muni, wato lokacin da kuɗin ke hannu, kayan ke gaban ido, mai sayarwa ko mai neman taimako kuma yana tsaye yana jiran amsa. A irin wannan lokaci babu mai ƙarfin zuciyar da zai dogara da shi kullum. Wanda ka ga ya iya tattali, galibi ya riga ya yanke shawararsa ne tun kuɗin ba su iso ba, ya raba wa kowane kaso aikinsa. Kuɗin da ba a ba su aiki ba kuwa, na wanda ya riga zuwa ne.

Mu fara da abin da ke gudana a zuciyar mai saye. Duk sanda ka miƙa kuɗi, abu biyu ne suka faru tare: ka samu wani abu, ka kuma haƙura da duk wani abin da kuɗin nan za su iya yi maka. Na farkon kana ganinsa, kana taɓa shi. Na biyun ba ya wurin, ba shi da mai yi masa talla, don haka ba ya zuwa maka a rai. Shane Frederick da abokan aikinsa sun gwada wannan a wani bincike da aka wallafa a 2009. An nuna wa mutane faifan fim da aka yi wa rangwame. Rukunin farko aka ba su zaɓi biyu, saye ko ƙin saye, kashi 75 cikin 100 suka ce za su saya. Rukuni na biyu aka ba su zaɓin nan dai, sai dai an ƙara 'yan kalmomi a kan na biyun: kada ka saya, ka riƙe kuɗinka don wasu sayayyar. Nan take masu saye suka sauka zuwa kashi 55. Lura da cewa ba a faɗa musu wani sabon labari ba, kowa ya san kuɗin da bai kashe ba suna nan a aljihunsa. Tuni kawai aka yi musu, kuma tunin ya isa ya sa mutum ɗaya cikin biyar ya janye hannu.

A nan ne amfanin buri yake. Idan ba ka da wani abu takamaimai da kake tara wa kuɗi, to a ranar saye sha'awa ce kaɗai ke magana, ɗaya ɓangaren shiru. Idan kuwa kana da shi, tambayar takan sauya kama. Maimakon “ina da kuɗin sayen wannan?” sai ta koma “wannan ya fi mini kuɗin makarantar yarinyata na zango mai zuwa?” Tambayar farko kusan kullum amsarta e ce muddin akwai wani abu a asusu. Ta biyun ita ce ke sa mutum ya dakata.

Sai kuma yadda ake biyan kuɗin. Masana biyu, Drazen Prelec da George Loewenstein, sun yi bayani a 1998 cewa rabuwa da kuɗi tana da zafi a rai, kuma wannan zafin birki ne da ke rage mana gudu. Wanda ya zaro takardun kuɗi ya ƙirga su ɗaya bayan ɗaya, ya ga damin ya rage kauri, yana jin abin a jikinsa. Wanda ya goga kati ko ya danna waya ba ya jin haka sosai. A wani binciken da aka wallafa a 2001, Prelec da Duncan Simester sun yi gwanjon tikitin kallon wasan ƙwallon kwando tsakanin ɗalibai a Amurka. An gaya wa wasu da tsabar kuɗi za su biya, wasu kuma da katin bashi. Masu katin suka taya tikitin kusan ninki biyu na abin da masu tsabar kuɗi suka taya. Kamfanoni sun daɗe da gane wannan. Tun a 1999 Amazon ya yi rajistar mallakar dabarar saye da dannawa ɗaya, kuma daga lokacin zuwa yau duk wata sabuwar hanyar biya ana gina ta ne don a rage daƙiƙun da ke tsakanin “ina so” da “na biya”.

Dubi yadda abin yake a zahiri. Dare ya yi, mutum ya kwanta da waya a hannu, a gajiye. Talla ta faɗo masa ta takalmin da ya taɓa dubawa kwanaki uku da suka wuce, an ja layi a kan tsohon farashi, an rubuta sabo da jan rubutu, ga agogo a gefe yana ƙirga cewa saura sa'o'i biyu rangwamen ya ƙare. Lambar katinsa tana ajiye a manhajar. Babban yatsansa ya taɓa wuri biyu, saƙon banki ya shigo, ya ture shi gefe bai karanta ba. Babu inda ya ƙirga komai, babu wanda ya gan shi, ko tashi zaune bai yi ba. Tsohon farashin da aka ja wa layi aikinsa shi ne ya sa ka auna sabon da shi, ka ji kamar riba ka ci. Agogon kuma aikinsa ya hana ka kwana da shawarar. Alhali kayan da ba ka da niyyar saye, ko an rage rabin kuɗinsa, rabin da ka biya asara ce daga wani wurin.

Akwai kuma halin fifita yau a kan gobe, wanda masanin tattalin arziki David Laibson ya yi fice wajen bayaninsa a 1997. Idan ana maganar wata mai zuwa, kowa mai haƙuri ne, kowa zai fara tanadi. Da watan ya kama ya zama yau, sai a sake ɗage farawar. Mutumin bai yi ƙarya ba sanda ya yi alkawarin, da gaske yake. Daɗin da ke kusa ne kawai yake rinjayar wanda ke nesa duk lokacin da suka haɗu.

Na ƙarshe cikin masu jan hannun, kuma a ganina shi ya fi wuyar magani, idon mutane ne. A ƙasar Holan akwai wata caca da ake fitar da lambar unguwa, masu tikiti a unguwar su samu kuɗi, ɗaya daga cikinsu ya samu sabuwar mota ƙirar BMW. Masu bincike suka bi sawun abin, suka wallafa a 2011 cewa maƙwabtan waɗanda suka ci, waɗanda su ba su samu ko sisi ba, sun fi sauran mutane sayen sabuwar mota a watannin da suka biyo baya. Samunsu bai ƙaru ba, abin da suke gani a ƙofar gida ne ya sauya. Da can maƙwabtan mutum ba su wuce gidajen da ke layinsu ba. Yanzu Instagram da TikTok sun mayar da dubban mutane maƙwabtanka, kuma kowannensu ranarsa mafi kyau yake nuna maka, ba ya nuna takardar bashin da ke bayanta. Yana ba ni tausayi in ga matashi yana cin bashi don ya kamo rayuwar da mai ita ma aro ya yi.

To ina mafita? Matakin farko ba shi da armashi ko kaɗan, shi ya sa ake tsallake shi: rubutawa. Wata guda cur, duk abin da ya fita a rubuta shi a ranar, komai ƙanƙantarsa, a littafi ko a waya. A wannan watan kada ma a ce za a rage komai, kallo kawai ake yi. Ƙarshen wata a zauna a tara su gida-gida. Abin da kan ba mutane mamaki shi ne ƙananan da ake maimaitawa. Abin da kake kashe wa kashi 1 cikin 100 na samunka na wata, in kullum kake yinsa, ya cinye kashi 30 kafin wata ya mutu. Haka kuɗin rajistar manhajojin da ake cira da kansu duk wata, waɗanda wani ya manta ma yana biya.

Amma a nan ina da ja da masu nasihar da ke ɗora laifin komai kan ɗan abin marmarin da mutum ke saya. Sau da yawa ramin ba a can yake ba. Yana cikin manyan alkawura uku ko huɗu da aka ɗauka sau ɗaya ake biya shekara da shekaru: hayar gidan da ya fi ƙarfin samu, motar da gyaranta da man da take sha suka fi amfaninta, bashin da kuɗin ruwansa ke ninkuwa. Mutum zai iya hana kansa duk wani ɗan jin daɗi, ya ƙuntata wa iyalinsa, amma in rabin samunsa na tafiya a haya, wahalar banza yake sha. Gyara babba guda ɗaya ya fi ƙananan gyare-gyare ashirin, kuma sau ɗaya ake yanke shawararsa, ba a sake kokawa da zuciya kullum.

Akwai wani tarkon da rubutun wata ɗaya ba zai kama ba. Abigail Sussman da Adam Alter sun nuna a 2012 cewa mutane sun iya hasashen kashe-kashen yau da kullum daidai gwargwado, amma suna raina waɗanda suke ɗauka na lokaci ɗaya ne, kuma suna wuce gona da iri a kansu. Wannan watan waya ta lalace, ka ce ai tsautsayi ne. Wata mai zuwa aboki na aure, ka ce ai sau ɗaya ne. Na gaba rashin lafiya, na bayansa tafiyar da ba a shirya ba. Kowanne shi kaɗai baƙo ne, amma in ka jera su za ka ga babu watan da wani bai zo ba. Maganinsa a waiwayi shekarar da ta wuce, a tara duk irin waɗannan, a raba gida 12, a riƙa ware wannan kason duk wata kamar yadda ake ware kuɗin wuta. Haka duk wani kuɗin da ake biya sau ɗaya a shekara. Ranar biyansa sananniya ce tun farkon shekara, bai kamata ta zo wa kowa a ba-zata ba.

Yanzu mu zo kan burin kansa. Edwin Locke da Gary Latham sun shafe shekaru masu yawa suna nazarin yadda buri ke tasiri a kan aiki, kuma abin da suka yi ta samu shi ne, buri takamaimai mai ɗan wuya ya fi “yi iya ƙoƙarinka” haifar da sakamako. “Ina so in fara tanadi” fata ne. Buri yana da suna, yana da adadi, yana da rana. Na me ne, nawa ne, zuwa yaushe? Da an samu waɗannan ukun, sauran lissafi ne: a raba adadin da yawan watannin da suka rage. In abin da ya fito ya fi ƙarfin samu, to an gano gaskiya tun da wuri, sai a tsawaita lokacin, ko a rage burin, ko a nemi ƙarin hanyar samu. Wannan ya fi a yi wata shida ana yaudarar kai.

Kada kuma a jera buri bakwai a lokaci ɗaya. Dilip Soman da Min Zhao sun gano a 2011 cewa waɗanda aka sa su mayar da hankali kan buri ɗaya sun fi tara kuɗi a kan waɗanda aka jera wa da yawa, domin masu yawan sukan tsaya auna wanne ya fi, har su kasa farawa. Ni a nawa ra'ayin, na farko shi ne asusun ko-ta-kwana. Masu ba da shawara kan ce ya kai kuɗin hidimar wata uku zuwa shida, wanda ga mutane da yawa jin adadin kaɗai ya isa ya kashe musu gwiwa. A fara da na mako biyu, a kai shi wata ɗaya. Ko wannan ɗan kaɗan ɗin shi ne ke raba mutum da cin bashin gaggawa ranar da yaro ya kwana da zazzaɓi. Bayansa sai bashi mai kuɗin ruwa. Mutane na jin “kashi 5 a wata” su ga kamar ba komai, alhali in ana ɗora ruwan a kan uwar kuɗin, ya kusa kashi 80 a shekara. Da wuya a samu halattacciyar hanyar juya kuɗi da za ta ba ka irin wannan ribar, don haka tara kuɗi a gefe alhali irin wannan bashi na kanka ɗiban ruwa ne da kwando.

Dogon buri kuma yana da nasa abokin gaba, hauhawar farashi. Akwai wani sauƙin lissafi: raba 72 da yawan hauhawar a shekara, abin da ya fito shi ne kimanin shekarun da darajar kuɗinka za ta rabu biyu. In hauhawar kashi 12 ce, shekara 6. In kashi 24 ce, shekara 3 kacal. Saboda haka adadin da ka sa wa burin shekara biyar dole a riƙa sabunta shi, kuma kuɗin dogon zango bai kamata su kwanta haka nan ba, gara a mayar da su abin da ke riƙe daraja, bayan an fahimce shi sosai. Duk wanda ya yi maka alkawarin ninka kuɗi cikin 'yan makonni kuma ya ce babu asara, ka riƙe kuɗinka.

Wurin da na fi so a dakata shi ne yadda ake kare burin daga mai shi, domin a nan yawanci ake faɗuwa. Richard Thaler, wanda ya samu kyautar Nobel a fannin tattalin arziki a 2017, ya yi bayanin cewa mutane ba sa ɗaukar kuɗi a matsayin abu ɗaya, sukan rarraba su a zuci, wannan na kaza, wancan na kaza, kuma suna jin nauyin taɓa wanda aka riga aka sa wa suna. Ana iya amfani da wannan hali da gangan. A yammacin Kenya, Pascaline Dupas da Jonathan Robinson sun raba wa mutane ƙaramin akwatin ƙarfe mai kwaɗo, da ɗan littafin da za su rubuta abin kiwon lafiyar da suke tara wa kuɗi. Makullin yana hannunsu, ko yaushe suna iya buɗewa, babu riba, babu tara. Duk da haka sakamakon da aka wallafa a 2013 ya nuna abin da suke zubawa a harkar lafiya ya ƙaru da kashi 66. Akwatin ya ba kuɗin suna, ya kuma ba mai shi bakin cewa “waɗannan ba na taɓawa ba ne”, ga kansa da ga masu tambaya. A Indiya ma Soman da Amar Cheema sun gwada da leburori masu karɓar ladan mako. Waɗanda aka sa musu kuɗin tanadi a ambulan mai ɗauke da hoton 'ya'yansu, da waɗanda aka raba wa kuɗin a ambulan biyu maimakon ɗaya, sun fi barin kuɗin ba su taɓa ba. Ka yi tunanin uba ya ɗauko ambulan zai yage, idonsa ya faɗa kan fuskar ɗansa.

Wasu sukan buƙaci kulle mai ƙarfi. A tsibirin Mindanao na ƙasar Filifin, Nava Ashraf da Dean Karlan da Wesley Yin sun haɗa kai da wani banki aka buɗe asusun da mai shi ba zai iya cire kuɗi ba sai ranar da ya zaɓa ta cika ko adadin da ya sa ya taru. Cikin mutum 710 da aka yi wa tayi, 202 suka karɓa, ba tare da an ƙara musu ko kwabo na riba ba. Bayan shekara guda, ajiyar rukunin da aka yi wa tayin ta ɗara ta sauran da kashi 81. Sai dai kulle ma yana da iyaka. A binciken Kenya ɗin nan, akwai waɗanda aka ba akwati amma aka riƙe musu makullin, su kuwa ba su tara kamar na farkon ba, domin mutum yana tsoron zuba kuɗi inda ba zai iya kai hannu ba ranar larura. Darasin da na ɗauka shi ne kuɗin ko-ta-kwana su zauna inda hannu ke kaiwa amma ido ba ya gani kullum, kuɗin dogon buri ne ake kullewa.

Mafi ƙarfin dabara ita ce wadda ba ta buƙatar ka tuna. Brigitte Madrian da Dennis Shea sun yi nazarin wani babban kamfani a Amurka, suka wallafa a 2001. Lokacin da sai ma'aikaci ya cike takarda kafin ya shiga tsarin tanadin fansho, ƙasa da rabin sababbin ma'aikata ne ke ciki. Da aka juya tsarin, kowa na ciki sai wanda ya ce a cire shi, adadin ya kai kashi 86. Birtaniya ta mayar da irin wannan tsari doka ta fara aiki da shi a 2012. Thaler da Shlomo Benartzi kuma sun ɓullo da wata hikimar: maimakon a ce wa ma'aikaci ya rage abin da yake kaiwa gida yau, sai a nemi ya amince tun yanzu cewa duk sanda aka yi masa ƙarin albashi, wani kaso na ƙarin zai wuce asusun tanadi. A kamfanin farko da aka gwada, waɗanda suka shiga sun tashi daga tanadin kashi 3.5 na albashinsu zuwa kashi 13.6 cikin wata 40. Sun yi amfani da halin nan na “wata mai zuwa zan fara”, suka ɗaure shi tun yana alkawari. Kowa na iya yi wa kansa haka. A ba banki umarnin cire kason tanadi ranar da kuɗi suka shigo, kafin a fara kashewa. Wanda ke jiran abin da ya rage a ƙarshen wata, ya san abin da ke ragewa. A cire lambar kati daga manhajojin saye. A yi wa kai doka cewa duk abin da ba larura ba ne, in ya wuce wani adadi, sai ya kwana biyu kafin a biya. Yawancin sha'awa ba ta kai kwana biyun.

Kada a fahimce ni da cewa ina kira ga maƙo. Kasafin da babu jin daɗi a cikinsa ba ya daɗewa, kamar yadda wanda babu kyauta a cikinsa ba ya dacewa da mutumin kirki. A ware kason shaƙatawa, a kashe shi ba tare da jin laifi ba. A ware kason taimakon 'yan uwa da mabuƙata tun farkon wata, da niyya da farin ciki. Pamela Jakiela da Owen Ozier sun gano a ƙauyukan Kenya cewa mata da yawa sun yarda su yi asarar wani ɓangare na abin da za su samu don kawai danginsu kada su san nawa suka samu. Abin baƙin ciki ne zumunci ya kai ga ɓuya. Wanda ya ware kason taimako yana bayarwa da sakin fuska, in ya ƙare kuma ya faɗi gaskiya cewa na wannan watan ya ƙare, ba ƙarya, ba ɓoye-ɓoye. Ma'aurata kuwa, burin da ɗaya ya sani ɗaya bai sani ba, kullum cikin rikici yake, domin mai tarawa zai ga ana yi masa ɓarna, ɗayan kuma zai ga ana yi masa rowa. Zama ɗaya a wata, da littafin a gabansu, yana kashe rigingimu da yawa tun ba su tashi ba.

Na yi alkawarin dawowa kan tsada. Akwai mutanen da matsalarsu samun ne bai kai ba, kuma zalunci ne a ce musu rashin tsari ne ya jefa su. Masu binciken da suka bi gidaje kusan 250 a Bangaladash da Indiya da Afirka ta Kudu, suna ziyartarsu duk mako biyu tsawon shekara, sun tarar talakawa na juya ɗan abin hannunsu ta hanyoyi da yawa, ajiya nan, rance can, da ƙwarewar da mai albashi bai taɓa buƙata ba. Wani binciken na 2013 a kan manoman rake 464 a jihar Tamil Nadu ta Indiya ya nuna manoman nan sun fi kasa amsa tambayoyin gwajin basira kafin girbi, lokacin da aljihu ya bushe, a kan bayan girbi. Rashi da kansa yana cinye hankali. Shi ya sa sanannen rabon nan na 50 ga larura, 30 ga sha'awa, 20 ga tanadi, wanda Elizabeth Warren da 'yarta Amelia Warren Tyagi suka yaɗa a 2005, ba zai hau kan kowa ba. Wanda larurarsa ke cin kashi 90 ya fara da kashi 2, ya kuma sa neman ƙarin sana'a ko ƙwarewa a matsayin burinsa na farko, domin ragewa tana da ƙasan da ba ta wucewa.

Ga wanda samunsa ke hawa da sauka, ɗan kasuwa ko mai sana'ar hannu ko manomi, lokacin yanke shawara shi ne ranar da kuɗi suka shigo da yawa, sanda hankali ke kwance. Ya duba watanninsa mafi rauni a shekarar da ta wuce, ya yanka wa kansa albashi daidai da su, ya raba kuɗin sana'a da na gida ko da a jaka biyu ne. Rarar watan ciniki ta tafi ta jira watan da kasuwa ta yi sanyi. In kuma larura ta zo ta fasa asusun, to aikin da aka tara shi dominsa ke nan ya yi. A sake lissafi da adadin da ya rage, a matsar da ranar gaba, a ci gaba da zubawa daga kuɗin da za su shigo na gaba.